Wai gas ɗin talabijin ɗina ya ƙare

Talabijin ɗin nan yayana ne ya bar mini shi lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki a 2016, shi kuma sabo ya saye shi a 2011. Inci 42 ne, kuma filasma ne na ainihi. Na ce na ainihi ne domin mu a nan duk talabijin da ya zo a shafe mai hawa bango, filasma muke ce masa, har a lissafin kayan ɗakin amarya haka ake rubutawa. Alhali kusan duk waɗanda ke shaguna yanzu LED ne, aikinsu daban, cutarsu daban, maganinsu ma daban. Filasma ba ya ɓuya. Yana da nauyin da mutum ɗaya ba ya sauke shi daga bango, gabansa gilashi ne mai tauri, in ya yi awa guda a kunne ka kai tafin hannu kusa da shi za ka ji ɗumi, in kuma ɗaki ya yi shiru ka kasa kunne ta bayansa za ka ji yana ɗan zuuu kamar ƙudan zuma. Ni duk ban damu da waɗannan ba sai da nawa ya kwanta, na yi sama da wata guda ina yawo da shi cikin garin Sakkwato.

Abin ya faro ne cikin sanyin watan Janairun 2024, lokacin gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa. In an kunna shi da safe ko da dare sai a ga wasu jajayen ɗigo-ɗigo suna tartsatsi a kan hoton, musamman inda hoton ya yi duhu, kamar an watsa garin barkono a kan baƙin mayafi. Bayan minti goma ko sha biyar, in ya ɗauki zafi, sai su ragu har a manta da su. Na ɗora laifin a kan hazo, na ce ƙura ce ta hana dish kamawa. Na kira yaron da ke saita mana dish ya hau rufi ya jujjuya, na ba shi naira 2,000. Ɗigon bai tafi ba. Na sayo sabuwar wayar HDMI ta 2,500, nan ma shiru. A daren 11 ga Fabrairu, da Kodebuwa ta ci mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe, falona cike yake da maƙwabta, wani har yana tsokanata wai talabijin ɗin ma ya san za mu sha kashi shi ya sa yake zubar da jan hawaye. Da na san abin da na sani yanzu, gwajin da zai raba gardama ko sisi ba ya ci. Ka zare dikoda gaba ɗaya, ka danna menu na talabijin ɗin kansa, ko ka soka filash ka kunna wani abu daga ciki. In ɗigon na nan, to ka ƙyale dish da mai dish, cutar tana cikin talabijin.

Wajen ƙarshen Fabrairu sai wani baƙin layi ya bayyana a kwance, daga hagu zuwa dama, a sashen sama. Da farko siriri kamar zare, yana zuwa yana tafiya, daga baya ya yi faɗin yatsa biyu ya zauna. Uwargida ta ce, "Malam, ka kai abin ga a duba tun bai mutu ba." Na ce sai bayan salla, yanzu kuɗin sukari da gero muke nema. Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, muka ɗauki azumi ran 11 ga Maris. Ranar biyar ga azumi da la'asar ana kallon tafsiri aka ɗauke wuta, ba a yi minti biyu ba aka dawo da ita da ƙarfi. Sai muka ji ɗas daga bayan talabijin, hoto ya ɗauke, muryar malam na ci gaba da fita. Muka kashe muka sake kunnawa, ya yi ƙas-ƙas ya mutu, ƙaramar jar fitilar da ke gabansa ta shiga ƙiftawa. Ashe ƙiftawar nan ma magana ce, wasu kamfanoni sun tsara ta yadda adadin ƙiftawar ke nuna sashen da ya samu matsala. Ni ko ƙirgawa ban yi ba.

Washegari na nufi wani mai gyara a bakin titin unguwarmu, nan Mabera, saurayi ne mai fara'a, shagonsa cike da fankoki da rediyoyi da 'yan talabijin. Kuskuren farko tun a hanya na tafka shi. Na tare agwagwa da buje, wato keke napep, ni da ƙanena muka kwantar da talabijin ɗin a kan cinyoyinmu, fuskarsa na kallon sama, aka yi ta faɗawa ramuka da mu. Allah ne kawai ya tsare. Filasma a tsaye ake ɗaukarsa, yadda masu gilashin taga ke ɗaukar hajarsu, domin in yana kwance nauyin gilashin na taruwa a tsakiya, rami ɗaya ya isa ya tsaga shi, in ko ya tsage magana ta ƙare. Saurayin ya jona shi, ya ji ƙas-ƙas ɗin, ko sukundireba bai ɗauka ba ya ce, "Yallaɓai, ai wanga gas nai na yaƙ ƙare. Dut haka suka yi in sun tsuhwa. Sai an yi mai ciko." Na tambayi nawa, ya ce 15,000. Maganar ta shige ni, domin bara aka yi wa firjinmu cikon gas ya tashi garau. Na ba shi 8,000 kafin alƙalami, babu rasit, babu ko 'yar takarda, ya ce in dawo jibi.

Jibin nan ta zama kwana tara. In na je da safe a ce ya tafi kasuwa, in na je da yamma a ce ya tafi wurin tafsiri, in na kira waya ya ce mai kawo gas ɗin yana hanya daga Kano. Ga azumi, ga ranar Sakkwato ta watan Maris wadda kabu-kabu ma ke neman inuwa, ga yara sun dame ni a gida. A rana ta bakwai ne ina ba da labari a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, abokin aikina mai koyar da fizis ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauki alli ya zana mini a kan tebur. Ya ce allon filasma gilashi biyu ne aka manne, a tsakaninsu akwai 'yan mitsi-mitsin ɗakuna sama da miliyan biyu, kowanne da iskar neyon da zenon a ciki, an shafe bangonsa da wani sinadari mai ba da ja ko kore ko shuɗi. In wuta ta bugi iskar sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya daki sinadarin, launi ya fito. Ya nuna dogon ƙwan fitilar da ke saman ɗakin, irin farin nan, ya ce kusan aikinsu ɗaya, ya tambaye ni ko na taɓa jin an kai shi ciko. Iskar a rufe take tun daga masana'anta, ba ta ƙarewa don an yi kallo, babu bakin da ake ɗura ta, in kuma ta fita to gilashi ne ya fashe, sai dai a jefar. Na ji kunya ƙwarai, irin kunyar malami da aka yi wa wayon yara.

Da na koma na ce a ba ni kayana ko an gyara ko ba a gyara ba, sai labari ya sauya. Wai ya buɗe ya ga fis ya ƙone, ya sa sabo, ya sake ƙonewa, ya sa wani, shi ma haka, don haka kuɗina sun tafi a fis da wahala. Ban ja ba, bakina da azumi. Na karɓi talabijin murfin bayansa na lilo, kusoshi shida sun ɓata. Ba na cewa yaron mugu ne. Ya iya fanka, ya iya rediyo, har yanzu unguwa na kai masa. Abin da ya kasa shi ne ya ce wannan ba layinsa ba ne.

Abokin nan nawa ne ya yi mini kwatancen wani dattijo a wani lungu da ke bayan titin Emir Yahaya, wanda tun zamanin talabijin mai ƙusumbi yake wannan sana'a. Wannan karon na ɗauki hayar ƙaramar mota a kan 3,000, muka tsayar da talabijin a kujerar baya, muka kare fuskarsa da bargo, ƙanena na riƙe da shi. Mun isa wajen ƙarfe goma, muka tarar da mutum uku a gabanmu, sai bayan azahar aka zo kaina. Shagon ɗan ƙarami ne, amma har rufi an jera matattun talabijin, kowanne da takarda manne a goshinsa. Kafin ya taɓa komai sai da ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi kamar likita. Me na fara gani? Ɗigon wane launi ne? Da sanyi ya fi yawa ko da zafi? Layin a kwance yake ko a tsaye? A sama ko a ƙasa? Da hoto ya ɗauke, murya ta tsaya ko ta ci gaba? Fitila sau nawa take ƙiftawa? Wasu na amsa, wasu na yi ta inda-inda. Ya ce, "Malam, da ka ɗauki hoto nai da waya tun sa'adda yaf fara, da ka rage min rabin aiki." Kuɗin dubawa 3,000 ne, ya faɗa tun kafin ya buɗe, ya ce ko an yi gyara ko ba a yi ba sun zama nasa. Ya rubuta sunana da lambar talabijin a wani tsohon littafi, ya yago rabin takarda ya ba ni.

A gabana ya cire murfin. Abin da na fara gani ƙura ce, jar ƙurar hunturu ta shekara goma sha uku, ta yi kauri a kan komai kamar an shimfiɗa bargo, har da gidan gizo-gizo da busasshiyar tsaka guda. Yaronsa ya fitar da shi waje ya hure da bulowa, muka koma gefe muna toshe hanci. Da aka dawo da shi na miƙa hannu zan nuna wani abu, dattijon ya doke mini yatsa. Ya ce manyan kwandansan da ke bod ɗin wuta, wato wasu 'yan gwangwanaye masu tara wuta, suna riƙe caji kusan bolt 400 ko bayan an zare daga soket, sai da ya auna da mita ya tabbatar sun sauke sannan ya bari aka matsa. Daga nan ya ɗauki tocila ya bi gilashin kusurwa-kusurwa yana neman tsaga, ya leƙa wani ɗan tsinin gilashi da ke bayan allon, inda aka zuƙe iska aka liƙe a masana'anta. Ya ce in wannan ya karye ko gilashi ya tsage, ba ya ɓata lokacinsa, ba ya ɓata kuɗin mai kaya. Nawa lafiya lau, duk da tafiyar da ya sha a kwance.

Sannan ya gabatar mini da mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. A tsakiya bod ɗin wuta, wanda ke karɓar wutar gida ya rarraba. Ga babban bod mai ramukan HDMI da eriya, shi ke kula da murya da karɓar hoto. Ga wani ƙarami mai tsara hoton ya aika wa gilashi. A gefe ɗaya wani babba mai faffaɗan ƙarfen shan zafi, shi ake kira Y, a ɗaya gefen ɗan'uwansa da wasu kamfanoni ke kira X wasu Z. Waɗannan biyun su ke bugun iskar nan ta cikin gilashi ba hutawa, su suka fi shan wahala, su suka fi mutuwa. Jikin Y ɗin kuma akwai wasu dogaye sirara guda biyu, na sama da na ƙasa, bafa yake ce musu, kowanne ɗauke da baƙaƙen aisi, wato 'yan ƙananan na'urori masu ƙafafu da yawa, a jere, su ke kula da layukan kwance. Can ƙasa akwai wasu masu kula da layukan tsaye. Sai na gane dalilin tambayoyinsa. Layi a kwance yana nuna bafa. Layi a tsaye yana nuna na ƙasa, ko ƙaramin bod ɗin nan, ko gilashin kansa. Murya ba hoto na nufin babban bod na da rai, a nemi Y ko X. Jajayen ɗigo kuma galibi alama ce ta ƙarfin wutar da ke shiga gilashi ya kauce daga inda ya kamata. Ya ƙara da cewa dabarar da masu LED ke yi, ta haska tocila a allo a ga ko hoto na nan a duhu, ba ta aiki a filasma, domin shi ba shi da fitila a baya, kowane ɗigo da kansa yake haske.

Ya sa mita a ƙafafun tiranzistocin da ke kan Y, mita ta yi ƙara tsiii, ya matsa na gaba, ta sake yi. Uku sun haɗe. Ya zare wayar da ke kai wa Y wuta, ya sa sabon fis, ya kunna. Talabijin ya tsaya a kunne, babu ƙas-ƙas, murya ta fito. Ya kalle ni ya ce, "Ka ga ɓarawon." Ya kwance bafan sama ya kawo shi bakin ƙofa wurin haske, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. A kan aisi na uku akwai wani ɗan rami kamar an soka allura, gefensa ya yi toka-toka. Ya ce baƙin layin da na yi mako uku ina kallo ina cewa sai bayan salla, ga shi nan. Shi ya fara lalacewa, ya yi ta jan Y har ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙarasa su tare. A bod ɗin wuta kuma ya nuna mini kwandansa huɗu da kawunansu suka kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace, ɗaya har ya yi tsatsa a baki. Da tun lokacin ɗigon na kawo, da wataƙila waɗannan huɗun da ɗan saiti ne kaɗai aikin.

Shawararsa ita ce a sauya Y da bafa biyun gaba ɗaya. Na ce, "Baba, tunda na ƙasa lafiya yake, a bar shi mana a rage kuɗi." Ya ce ya sha ganin wanda ya yi haka, ya sa sabon Y a kan tsohon bafa mai ɓoyayyen ciwo, kunnawar farko ya ƙone, kuɗi suka bi iska. Sai dai kayan ba sa samuwa sababbi. Panasonic ta fita daga harkar filasma a 2014, Samsung da LG ma suka bi sahu kafin shekarar ta ƙare, don haka duk bod ɗin da za a samu yau daga jikin wani talabijin aka ciro shi, galibi wanda gilashinsa ya fashe. Ya duba matattun da ke shagonsa, ya aika yaro wurin abokan sana'a biyu a Babbar Kasuwa, ba a dace ba. Ya rage Kano ko Legas.

A nan na yi kuskure na biyu, kuma nawa ne ni kaɗai. Ina da aboki a Kano, na ce bari in rage wa Baba wahala in rage wa kaina kuɗin dillanci. Na ɗauki hoton takardar da ke bayan murfin talabijin na tura masa, ya shiga Sabon Gari ya samo Y na inci 42 na kamfani ɗaya a kan 14,000, ya ba direba, na je tasha na karɓa na biya 2,500. Baba ya ɗora shi kusa da tsohon, ko ni da ban san komai ba na ga ramukan kusoshi ba su hau ba, bakin wayoyin ma daban. Ashe talabijin biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya a baya suna iya ɗaukar gilashi daban, bod kuma gilashi yake bi. Lambar da ake nema tana kan wata 'yar farar takarda da ke manne a jikin bod ɗin kansa, sai kuma lambar gilashin. Mai kayan ya yarda ya karɓa amma ya cire 4,000, na sake biyan 2,500 na mayarwa. Naira 9,000 da kwana shida suka tafi a kan gaggawa.

Na dawo na miƙa wuya. Baba ya ɗauki hoton lambobin da kansa, gaba da baya, ya tura wa wani da ya daɗe yana hulɗa da shi a kasuwar Alaba da ke Legas. Bayan kwana biyu aka turo hoton Y da bafa biyu, ya sa aka matso da kyamara ya karanta lambar harafi-harafi, ya sa aka ɗora mita a kan tiranzistocin a bidiyo yana kallo. Aka daidaita a kan 30,000, kuɗin mota 5,500, da sharaɗin in bai yi ba za a mayar. Na tura kuɗin ta asusun Baba, ba na mutumin Legas ba, domin shi na sani, shi zan iya riƙewa. Kayan suka faɗo cikin cunkoson tafiyar salla, suka iso ran 29 ga azumi a cikin kwali an naɗe su da tsofaffin jaridu da soso. A lokacin Baba ya riga ya rufe shago ya tafi ƙauyensu. Aka yi salla ran 10 ga Afrilu, yarana suka yi kallon salla a gidan maƙwabta, uwargida ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Ranar Litinin bayan salla aka yi aikin, na zauna tun daga farko har ƙarshe. Ya fara da kwandansan nan huɗu, ya narkar da dalma ya cire su ya sa sababbi, ya nuna mini 105 da ke rubuce a jikinsu, wato digirin zafin da suke iya jurewa. Ya ce akwai masu 85, sun fi araha, amma a garin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, cikin akwatin da shi kansa murhu ne, sa su asarar dalma ce. Sannan ya ɗaura bafa, ya shiga soka faffaɗan wayoyin nan masu kama da tef da ke fitowa daga gilashi, ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowacce da tocila, domin in ɗaya ta karkace ko da kaɗan za ta haifar da layi ko ta ƙona aisi. Ya ƙi kunnawa sai da ya ɗaure kowace kusa, har ya nemo madadin shidan da suka ɓata, ya ce wasu kusoshin nan hanyar wuta ce zuwa jikin ƙarfe, ba riƙo kawai suke yi ba. Babu wuta a layinsu ranar, na ba da 2,000 aka sayo fetur aka tayar da janareta.

Hoto ya fito. Na yi hamdala da ƙarfi har mai shagon kusa ya leƙo. Amma da aka kai tasha mai duhun hoto sai ga jajayen ɗigon nan, ba su kai na da ba, amma suna nan. Gabana ya faɗi. Baba ko a jikinsa. Ya nuna mini wata takarda da ke manne a bayan gilashin, mai ɗauke da haruffa da lambobi, Vs 203, Va 58, da wasu biyu. Ya ce kowane gilashi da nasa awon ƙarfin wuta, masana'anta ce ta gwada ta rubuta, bod ɗin da ya zo daga Legas kuwa an saita shi ne da awon gilashin da ya baro. Ya kunna farin hoto fes, ya kafa mita, ya ɗauki ɗan siririn sukundireba mai hannun roba yana murɗa wasu 'yan maɓallai a hankali, kaɗan-kaɗan, idonsa a kan mita, har lambobin suka hau daidai da na takarda. Ina kallo ɗigon suka yi ta raguwa har suka ɓace. Wannan saitin bai kai minti ashirin ba, kuma shi ne abin da ya raba mai sauya bod da mai gyara. Ya bar shi a kunne awa uku kafin ya rufe murfi. Ladan aikinsa da kwandansa 12,000.

Abu biyu ya ce ba su da magani, kuma ya faɗa mini kafin in gano da kaina. A kan farin hoton nan an ga inuwar tambarin tashar da muka fi kallo a kusurwar sama, dishi-dishi, ta zauna daram. Wannan halin filasma ne, duk abin da ya daɗe a wuri ɗaya, tambari ko akwatin sakamakon ƙwallo, yana cinye sinadarin wurin fiye da na kewaye. Sai kuma wani siririn layi kore a tsaye can gefen dama, wanda ya ce daga wayar da aka manne da gilashi ne tun masana'anta, ba a cire ta da hannu.

Da na zauna na haɗa lissafi, tun daga mai dish har motar da ta dawo da shi gida, abin ya kai naira 81,000 da 'yan kai, kuma sama da 20,000 a ciki rashin sani ne ya ci su. A lokacin sabon LED mai wannan girma ya haura 200,000, shi ya sa ban yi nadama ba, ga shi kuma har yau ban ga LED mai araha da ke fitar da baƙi da motsin ƙwallo kamar wannan tsohon ba. Amma ba kowa zan ba shawarar ya bi hanyata ba. In gilashinka ya tsage, ko layukan tsaye sun yi yawa, ko kuɗin kaya sun doshi rabin kuɗin sabo, ka haƙura ka sayar wa masu gyara su ciri abin cira. Haka in da sola kake amfani, domin irin nawa yana jan wat 200 zuwa sama, ninki biyu ko uku na LED, batir ba ya jure masa. Wanda kuma ya ga zai gyara, ya ɗauki bidiyon cutar tun ranar farko, ya ƙirga ƙiftawar fitila, ya nemi mai gyaran da zai buɗe a gabansa ya nuna masa abin da ya ƙone, ya karɓi takarda ko da ta littafin makaranta ce, kuma kada ya sayi bod sai da lambar jikin bod. Duk wanda ya ambaci gas, a yi masa sallama cikin mutunci.

Yanzu na sa masa sitabilaiza mai jinkiri, wadda in an dawo da wuta take dakatawa 'yan mintuna kafin ta saki, ita ma ta ci 35,000 nata daban. Na sa an sauya ƙarfen bangon da mai ɗan tazara don iska ta riƙa ratsa bayansa, na rage hasken hoton daga inda yara suka ƙure shi, kuma mun yi da Baba duk ƙarshen hunturu zan kawo a hure ƙura. Tsofaffin bod ɗin ya roƙe ni in bar masa, ya ce akwai tiranzisto biyu masu rai a jiki da za su yi wa wani amfani, na bar masa. Koren layin yana nan a gefen dama. Baƙi ba sa lura da shi sai autana ya je ya ɗora yatsa a kai ya nuna musu.